Kan Kare a Cikin Buhu: Yadda Samfur Ɗaya Ya Ratsa Hannu Shida a Jos

Wannan lamari ya faru ne a wani ƙaramin asibitin dabbobi mai zaman kansa a cikin garin Jos, irin wanda ke da kanti a gaba da ɗakin gwaji guda ɗaya a baya. Yawancin aikinsu na kaji ne. Masu gonaki su kawo mushen kaza a feɗe a ga abin da ya kashe ta, a duba kashi da jini a madubin likita, a sayar da magani da allurar rigakafi. Ma'aikata huɗu ne: likitar dabbobi wadda ita ce mai wurin, ma'aikacin gwaji, wata yarinya mai kula da kanti, sai wani saurayi mai goge-goge da ake biya duk ƙarshen mako. Ni ma aikin ɗakin gwaji nake yi, kuma likitar ce ta neme ni bayan ƙura ta lafa, ta ce mu zauna mu bi lamarin daki-daki. Na sakaya sunan wurin da sunayen mutanen.

Abin da ya sa na ga ya cancanci a rubuta shi ne, a cikin duk waɗanda suka taɓa samfurin nan a asibitin, wato kan wani kare da ake zargin yana da cutar haukan kare, wanda ya fi shiga haɗari shi ne wanda ba a taɓa lissafa shi cikin masu taɓa samfur ba.

Cizo da abin da ya biyo baya

Wata ranar Alhamis bayan la'asar, a tsakiyar zafin bazara kafin ruwa ya sauka, aka aiki wani yaro ɗan kimanin shekara takwas ya sayo gawayi a wata unguwa ta Jos ta Arewa. Wani baƙon kare da ba wanda ya san mai shi ya far masa ba tare da an tsokane shi ba. Ya cije shi a sha-raɓa, da yaron ya kai hannu zai kāre kansa ya sake cizon sa a bayan hannun. Kafin nan karen ya ciji wata akuya da ke ɗaure a ƙofar gida. Matasa suka bi shi da duwatsu da gorori, suka ritsa shi a wani kango suka kashe shi. Yawancin dukan a ka ya sauka.

Mutumin Jos ya san Vom, garin da cibiyar binciken lafiyar dabbobi take. Wani dattijo a wurin ya ce kada a jefar da karen, a cire kan a kai a gwada, kuma shawararsa daidai ce. Aka kira wani mafarauci, ya sare kan da adda ba safar hannu, aka sa a baƙar leda, aka jefa ledar cikin tsohon buhun shinkafa. Buhun ya kwana a bayan zaure.

Shi kuwa yaron kemis aka kai shi. Aka goge ciwon da sifirit, aka shafa jibi, shuɗin maganin nan na ciwo, aka yi masa allurar tetanus, aka ba shi kafso. Wata maƙwabciya ta ce a ƙona gashin karen a barbaɗa a kan ciwon, uwar ta ƙi. Ba wanda ya wanke ciwon da ruwa da sabulu.

Washegari Juma'a da hantsi, ƙanin mahaifin yaron ya ɗauki buhun ya tari keke. Mai keken ya taya shi tura buhun ƙarƙashin kujera. Da ya lissafa kuɗin mota zuwa Vom da dawowa, ga kuma sallar Juma'a, sai ya tuna da asibitin dabbobin da ke kan hanyarsa ta zuwa kasuwa. Likitar da ma'aikacin gwajin duk sun fita, suna wata gonar kaji a wajen Bukuru.

"Likita ba ta nan, Baba. Me ke cikin buhun?" in ji yarinyar kanti.

"Kan kare ne, 'yata. Ɗan wana ya ciza jiya."

Ta ja buhun gefe, ta yagi takarda ta rubuta lambar wayar mahaifin yaron. Iyakar bayanin da ya zo da samfurin ke nan. Ba ranar cizo, ba unguwa, ba adadin waɗanda aka ciza. Amma wannan 'yar takardar ita ce daga baya ta yi rana.

Buhun ya fara wari, ruwa-ruwa mai jini yana tsattsafowa a kan siminti a gaban masu sayayya. Yarinyar ta kira mai goge-goge ta ce ya yi wani abu a kai. Ya shigar da buhun ciki, ya buɗe, ya tarar ledar ta yage. Ya nemi safar hannu bai samu ba, domin kwalin yana cikin durowar ma'aikacin gwaji a kulle. Safar hannu ta yi tsada, ana yawan ɗibarta, shi ya sa aka koma kulle ta. Sai ya kama kan da hannunsa don ya juye shi cikin sabuwar leda. Ƙoƙon kan ya riga ya farfashe da dukan jiya, ƙwaƙwalwa ta fito ta gefe ɗaya, wani tsinin ƙashi ya soke shi a gindin babban yatsa. Ya matse wurin, ya goge jinin da tsumman aikinsa, ya ɗiga sifirit. Ya sa kan a firjin da ake ajiye alluran kaji na sayarwa, kusa da ruwan ledar da yarinyar ke sanyayawa. Ya wanke simintin da garin sabulu, ya koma bakin aikinsa, bai gaya wa kowa ba.

Waya kafin gwaji

Likitar ta dawo bayan an sauko daga masallaci. Da ta ji abin da ke cikin firjinta, ba ta fara da firjin ba, waya ta ɗauka.

"Alhaji, an kai yaron asibiti?"

"An kai shi kemis, Likita, har an yi masa allura. Yanzu ku muke jira ku gaya mana ko karen na da hauka."

"Wace allura aka yi masa?"

"Ta tetanus, in ji su."

"Don Allah Alhaji kada ku jira ni. Yanzun nan a wanke ciwon da sabulu da ruwa mai yawa, minti goma sha biyar a agogo, sannan a wuce da shi babban asibiti a ce kare ya cije shi, ana neman allurar haukan kare. Ta tetanus daban take, ba ta maganin wannan."

A ganina wannan kiran shi ne aiki mafi muhimmanci da aka yi a asibitin ranar, kuma yana da kyau duk mai aikin gwaji ya fahimci dalili. Ƙwayar cutar haukan kare tana cikin miyau da ƙwaƙwalwar dabbar da ta kamu. In ta shiga ta ciwo, ba ta jini take bi ba, jijiyoyi take bi a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa, tana aiki a ɓoye kamar gara a cikin azara. Yawanci wata biyu zuwa uku ake yi kafin alamu su fito, wani lokaci mako guda, wani lokaci shekara. Cizon hannu, wuya da fuska ya fi haɗari saboda yawan jijiyoyi da kusanci da ka. Wannan tazarar ita ce damar da allura ke da ita. Da zarar alamu sun bayyana, irin su tsoron ruwa da firgita da zubar miyau, kusan ba mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Tun 1885 da masanin kimiyya Luwis Fasto ya yi wa wani yaro allurar farko a Faransa aka san cewa ana iya riga cutar isa ƙwaƙwalwa. Saboda haka sakamakon gwaji ba shi ne ke ba da izinin fara allura ba. Amfaninsa shi ne, in ya fito babu cuta daga samfur mai kyau, likitan mutane na iya dakatar da sauran alluran. In kuma akwai cuta, a bazama neman duk wanda dabbar ta taɓa.

Da yammacin ranar aka yi wa yaron allurar farko.

Aikin samfurin

Sai ta koma kan firji. Ita da ma'aikacin gwajin duk suna da allurar rigakafin haukan kare tun da daɗewa, irin wadda ake yi wa masu aiki da dabbobi kafin wani abu ya faru. Ta sa safar hannu biyu-biyu, ta ɗora mai kauri a sama, ta sa rigar roba, takunkumi, gilashin kāre fuska da rambut. Ta fitar da kowa daga ɗakin, ta kashe fanka.

Ba ta fasa ƙoƙon kan ba. A ƙaramin ɗaki irin wannan, sa zarto ko adda a kan dabbar da ake zargi ganganci ne, domin ƙashi na tartsatsi, ƙwaƙwalwa na fantsama ido da baki. An taɓa samun wanda ya kamu ta iska ma: a Amurka a 1972 wani likitan dabbobi ya rasu bayan ya markaɗa ƙwaƙwalwa mai ɗauke da ƙwayar a injin markaɗe a ɗakin gwaji. Akwai hanya mai sauƙi da Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya ta amince da ita. A ƙeya, inda aka raba kai da wuya, akwai ramin da laka ke fitowa. Ana zira tsinken shan lemo na roba ta wannan ramin, a nufi wajen ido, a tura a hankali, a matse bakinsa a zaro. Sai ya fito da siririn yanki da ya ratsa tushen ƙwaƙwalwa da ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya da sauran sassa. Tushen ƙwaƙwalwar nan shi ake nema, a nan ƙwayar ta fi taruwa. An yi sa'a dukan ya fi lalata gaba da gefe, ƙeyar ba ta dagargaje ba, duk da naman ya fara laushi da kwanan da ya yi a zafi.

Ta ɗauki biyu. Ɗaya ta sa a kwalbar roba mai murfin murɗawa haka nan, ɗayan a kwalba mai gilisarin da ruwan gishirin asibiti rabi da rabi, wanda ke riƙe samfur in sanyi ya gagara. Ma'aikacin gwajin ya ɗauko fomalin, kasancewar shi suke zuba hanta da hanjin kaji a ciki, ta ce a'a. Fomalin na ɓata samfur ga gwajin da aka saba yi wa haukan kare. Firiza ma ba ta yarda da ita ba. Daskarewa sau ɗaya ba ta hana gwaji, amma a inda ake ɗauke wuta ana kawowa, samfur zai daskare ya narke ya sake daskarewa, naman ya zama kunu.

Ta yi kunshi hawa uku kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Kowace kwalba a naɗe da auduga mai yawa wadda za ta shanye komai in ta fashe, a sa su cikin wani mazubi mai murfi da ba ya yoyo, shi kuma a sa a cikin kula mai ƙarfi da ƙanƙara a kewaye. Irin wannan kunshin ne ake liƙa wa alamar UN3373 in za a ba kamfanin jigila. Fom ɗin bayani ta sa shi a tasa ledar daban, a ƙarƙashin murfin kula, don kada wanda zai karanta shi ya taɓa samfur tukuna. Ta sake kiran Alhaji ta cike guraben: irin dabba, unguwa, rana da lokacin cizo, yadda karen ya yi, yadda aka kashe shi, wa da wa ya ciza.

Ragowar kan da buhun da ledojin da tsumman aka ƙone a rami a bayan asibitin aka binne tokar. Teburi da firji aka wanke da sabulu tukuna, sannan aka bi da ruwan bilic. In kwalbar ta nuna kashi 3.5, kofi ɗaya ake zubawa a kofi shida na ruwa, kuma a haɗa sabo a ranar, domin wanda ya kwana ya rage ƙarfi, jini da datti kuma suna kashe masa kaifi in ba a wanke su da farko ba. Almakashi da hantsaki suka shiga tukunyar turara kayan aiki, minti 15 a zafin digiri 121. Kwalayen allurar kaji da ruwan ya taɓa aka zubar, da duk ruwan ledar. Asarar ba kaɗan ba ce ga ƙaramin kanti.

Lokacin da aka gama rana ta yi yamma. Ta yanke shawarar riƙe kular a wurinta tana canza ƙanƙara, ta kai da kanta da safiyar Litinin. Muka yi muhawara da ita kan wannan. Ni ina ganin da ta kira can tun da ta dawo ta ji yadda za a karɓa. Ita kuma ta ce tunda yaron ya fara allura, jinkirin ba zai cuci kowa ba. A kan abin da ta sani a lokacin, maganarta na da hujja. Abin da ba ta sani ba shi ne akwai mutum na biyu da ke jiran wannan sakamakon, a cikin asibitinta.

Akwai abin dubawa a nan ga mu mutanen Filato. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa tana Vom tun 1924, lokacin da ake fama da bushiyar shanu. Daga ko'ina a ƙasar nan ake turo mata samfur, wasu su kwana a mota. Daga tsakiyar Jos, ta Bukuru, tafiyar ba ta kai awa guda ba in hanya ta yi kyau. Duk da haka kan karen da aka kashe ranar Alhamis bai isa ba sai Litinin.

Gwajin kansa ba ya ɗaukar dogon lokaci. Ana shafa ƙwaƙwalwar a kan gilashi, a kafe ta da asiton mai sanyi, a zuba wani sinadari mai ƙyalli wanda ke manne wa ƙwayar cutar kaɗai, a duba a madubi na musamman. In tana nan, sai a ga ɗige-ɗige kore shar suna haske. Samfurin da ya fara ruɓa yana da illa guda da ya kamata kowa ya sani: in ya nuna akwai cuta, akwai ta, amma in ya nuna babu, ba a dogara da shi. Wannan ya nuna akwai.

Filasta a babban yatsa

Da likitar ta sanar da ma'aikatanta sakamakon, yarinyar kanti ce ta lura saurayin ya yi tsuru-tsuru, ta kuma tuna ta ga filasta a yatsansa tun ranar Asabar. Ta same shi a bayan gida ta tambaye shi. Ya ce ba komai, tsautsayi ne, kuma ba ya wuce ranarsa. Ta ce in bai faɗa ba ita za ta faɗa.

Na tambaye shi da kaina daga baya me ya hana shi magana. Ya ce, "Yaya, ni ba a ce in taɓa ba. Na ga in na faɗa za a ce na yi shisshigi, a sallame ni. Kuma ai ba cizo ba ne, karen ya mutu."

Amsar nan tasa ta ƙunshi kusan duk abin da ya lalace. Ya ɗauka mutuwar kare ita ce mutuwar cutar, alhali ƙwayar na nan da ranta a cikin ƙwaƙwalwar mushe, musamman in an sa a sanyi. Ya ɗauka sai haƙori ne ke sa ta, alhali ƙashin da ya jiƙe da ƙwaƙwalwa ya huda fata yana cikin mataki na uku, mafi tsanani, a rabe-raben Hukumar Lafiya ta Duniya, daidai da cizo mai jini. Sannan ya fi tsoron rasa aikin mako-mako fiye da cutar da bai san girmanta ba. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya yi masa bayani, domin a idon kowa shi mai tsintsiya ne da bokiti. Alhali shi ke wanke teburin fiɗa kullum, shi ke kwashe mushen kaji, shi ke ɗaure shara mai allurai.

Bambancin da rigakafi ke kawowa a nan a fili yake. Da likitar ce ta soke, wanke ciwo da allura biyu, ranar farko da bayan kwana uku, sun wadatar. Shi da bai taɓa yi ba sai da aka yi masa cikakken jeri, aka kuma shiga neman imunogulobulin, wato ruwan garkuwa da ake tsirawa a cikin ciwon da kewayensa don ya tare ƙwayar kafin jiki ya haɗa tasa garkuwar. Yana da tsada, yana da wuyar samu, kuma ba a ba da shi in an wuce kwana bakwai da allurar farko. An samo shi cikin wa'adin bayan an sha yawo, likitar ta biya daga aljihunta. Kuɗin ya ninka na allura biyun rigakafi, ranar farko da bayan kwana bakwai, da za a yi masa tun ranar da ya kama aiki. Ba a cewa an makara da fara allura muddin alamu ba su fito ba, amma kwana huɗun da ya yi shiru, da wankin minti goma sha biyar da bai yi ba, ba a iya dawo da su.

Abu ɗaya ya yi daidai ba tare da ya sani ba. Ƙwayar haukan kare tana da rigar kitse a jikinta, sabulu na narkar da ita, don haka garin sabulun da ya wanke siminti da shi ya yi aiki. Da irin wannan wankin ya yi wa yatsansa, da an rage fargaba sosai.

Sauran hannayen

Aka bi kowa. Baffan yaron da mai keken da yarinyar kanti buhu kawai suka taɓa ta waje, fatarsu ba rauni, ba abin da ya shiga ido ko baki. Likitan mutane ya ce ba sa bukatar allura, kuma yana da kyau a faɗi wannan, domin tsoro ya sa baffan ya kwana biyu ba barci. Akuyar aka sha fama da mai ita, wanda ya so ya kai wa mahauta da wuri kafin ta nuna alama. Aka nuna masa cewa mai yanka da mai fiɗa zai jefa cikin haɗari, daga ƙarshe ya yarda aka kashe ta aka binne. Likitar ta kai rahoto ofishin kula da lafiyar dabbobi, kasancewar haukan kare na cikin cututtukan da doka ta wajabta a sanar. Mafaraucin da ya sare kan kuwa hannunsa duk faso ne da tsofaffin yankan adda, kuma ya ce jini ya fantsamar masa a fuska. Shi ma ya shiga sahun masu allura.

Abin da muka gano da muka zauna

Mun jera abubuwa da yawa, amma biyu ne suka fi tsaya mini a rai. Na farko, asibitin na da dokoki a kan teburin gwaji, ba shi da ko ɗaya a bakin ƙofa. Duk tsarin an gina shi ne a kan cewa likita tana nan. Ga shi kuwa samfur ba ya zuwa sai lokacin da ya ga dama, kuma mai karɓarsa na farko kusan kullum shi ne wanda ya fi kowa ƙarancin horo. Wannan bai tsaya kan kare ba. Tun Fabrairun 2006 da aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gona a Jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, duk buhun mushen kaji da ya shigo irin wannan asibiti abin a yi hattara ne. A Yulin 2023 aka tabbatar da antaraks, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa, a wata gona a yankin Suleja. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya tana zubar da baƙin jini ta hanci da baki ba a feɗe ta sam, domin in iska ta taɓa ƙwayar sai ta yi ɓawon da ke shekaru a ƙasa. Mai karɓar kaya da bai san ya yi tambaya kafin ya kwance bakin buhu ba, wata rana irin wannan zai kwance.

Na biyu shi ne makullin durowa. Na fahimci dalilin kulle safar hannu, ni ma na san farashin kwali. Amma kayan kariyar da sai mutum ɗaya ya dawo za a same su, ba su kāre kowa ba a lokacin da ake bukata. Ma'aikacin gwajin bai ji daɗin wannan magana ba, ya ce in aka bar ta a fili kwali ba zai yi mako ba. Likitar ta ce ta gwammace ta riƙa sayen kwali duk mako.

Yanzu akwai babban bokiti mai murfi a wani lungu nesa da kanti. Duk abin da aka kawo a buhu ko leda, mai shi ne zai sa a ciki da hannunsa, a rufe, ba mai buɗewa sai likita ko ma'aikacin gwaji. Yarinyar na da fom mai tambayoyi kaɗan, kuma in ta ji an ce kare ya ciji mutum, tana gaya wa mai kawowa maganar sabulu da asibiti nan take kafin ta kira kowa. An sayi ƙaramin firji na samfur kaɗai. An rataye safar hannu da gilashin fuska a bango kusa da famfo. An buɗe littafin rauni, likitar ta fara rubuta wani tsohon yanka nata a shafin farko, ta kuma faɗa a gaban kowa cewa ba za a kori mutum ko a yanke masa kuɗi don ya ce ya ji ciwo ba. Yarinyar ta yi allurar rigakafinta. Ɗaliban da ke zuwa koyon aiki ba sa shiga ɗakin baya sai sun nuna katin tasu. An kuma roƙi mai unguwa ya riƙa gaya wa matasa cewa karen da ya ciji mutum, in ana iya tsare shi ba tare da wani ya ƙara shiga haɗari ba, a tsare a kira likitan dabbobi a sa masa ido kwana goma. In ya zama dole a kashe, a bar kan lafiya, kuma kada kowa ya sare shi da hannu tsirara.

Yaron ya kammala alluransa, saurayin ma haka, watanni sun shuɗe dukansu lafiya lau. Mafaraucin ne ya karɓi ta farko bai koma ba. Ya ce shekara da shekaru yana hulɗa da karnuka ba abin da ya same shi, kuma yana da nasa maganin. Likitar ta je gidansa, ta tura baffan yaron, ta ce za ta biya kuɗin sauran. Har lokacin da nake wannan rubutu bai je ba, kuma mai unguwa ya yi alkawarin zai haɗa shi da sarkin mafarautan yankin ko zai ji maganarsa.